Tauraron Zinare a Bakin Taga: Iyaye Matan da Yaƙi Ya Haɗa a Amurka

A watan Mayun 1918 sojojin Amurka ba su fara mutuwa da yawa a fagen daga ba tukuna, amma mahukunta a Washington sun riga sun shiga damuwa da baƙaƙen kaya. Sun ga abin da ya faru a Turai. Kusan shekara huɗu ana gwabza Yaƙin Duniya na Ɗaya, titunan London da Paris da Berlin sun cika da mata sanye da baƙi daga sama har ƙasa, kowace tana makokin miji ko ɗa ko ƙane. Tsoron shi ne idan aka wayi gari biranen Amurka sun koma haka, gwiwar jama'a za ta yi sanyi, iyaye su fara riƙe 'ya'yansu a gida. Sai kwamitin mata na majalisar tsaron ƙasa, ƙarƙashin Dakta Anna Howard Shaw, ya kawo shawara cewa duk wadda ta yi rashi ta bar baƙaƙen kaya, ta ɗaura ƙyalle baƙi a damtse kawai, da tauraro mai ruwan zinare a jikinsa. Shugaba Woodrow Wilson ya amince a wannan watan.

Tauraron yana da asali. Shekara guda kafin nan wani tsohon kyaftin na soja a jihar Ohio, Robert Queisser, wanda 'ya'yansa biyu ke bakin daga, ya ƙirƙiri wata ƙaramar tuta fara mai jan baki, da shuɗin tauraro a tsakiya. Gida mai ɗa ɗaya a soja ya rataya tuta mai tauraro ɗaya a taga, mai uku ya sa uku. Kafin a ce me, ta bazu a gidaje da majami'u da masana'antu. Idan labarin mutuwa ya zo, sai a ɗinka tauraron zinare a kan shuɗin. Mai wucewa a titi ba sai ya tambaya ba, taga ta gaya masa.

Wato dai gwamnati ta karɓi alamar ne domin a rage wa makoki ƙarfi, a mayar da rashi abin alfahari. Abin da ba ta yi lissafinsa ba shi ne matan da aka ba tauraron za su gane juna da shi, su haɗa kai, su dawo suna ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Uwar da ta yi ta bin gadajen asibiti

Grace Darling Seibold 'yar gidan soja ce. Mahaifinta, Janar Edward Whitaker, ya yi suna a yaƙin basasar Amurka. A 1917 ɗanta George Vaughn Seibold, mai shekara 23, ya kai kansa soja ya ce jirgin sama yake so. A lokacin Amurka ba ta da isassun jirage ko wuraren horo, don haka aka tura shi Kanada ya koyi tuƙi da jiragen Ingila, daga nan aka wuce da shi Turai, ya shiga runduna ta 148 da ke yaƙi a ƙarƙashin umarnin Turawan Ingila a arewacin Faransa. Yana rubuto wasiƙa a kai a kai. Uwar kuma, don ta rage zaman jira, ta shiga aikin sa kai a asibitocin Washington inda ake kwantar da sojojin da aka dawo da su da raunuka.

A ƙarshen watan Agustan 1918 wasiƙu suka ɗauke. Iyalin suka yi ta zirga-zirga ofis-ofis, amma tun da matuƙan suna hannun Ingila, jami'an Amurka ba su da abin faɗa. A watan Oktoba wani akwati ya iso wa matar George a Chicago, an rubuta a jikinsa cewa kayan wani hafsa ne da ya rasu. Da haka iyalin suka fara sanin abin da ya faru. Daga baya aka tabbatar an harbo jirginsa a yankin Bapaume. Ba a taɓa gano gawarsa ba.

Rashin gawa yana hana zuciya sallamawa. Grace ta ci gaba da zuwa asibiti, tana bin gado-gado, ko Allah zai sa ɗanta yana cikin waɗanda aka kwaso ba takarda, ko waɗanda firgitar yaƙi ta sa suka manta sunansu. Ba ta same shi ba. Abin da ta samu shi ne samari birjik, wasu ba ƙafa, wasu iskar guba ta cinye musu huhu, da yawansu nesa da garuruwansu ba mai leƙo su. Ta kuma yi ta cin karo da wasu matan irinta a farfajiyar asibitin. Daga nan ta tsayar da ra'ayin da ya zama ginshiƙin ƙungiyar har yau, cewa baƙin cikin da aka kulle a ɗaki mai shi yake ci, gara a fito da shi a yi wa 'ya'yan wasu hidima da shi.

An ɗauki shekara goma kafin abin ya zama ƙungiya mai suna da rajista. Ranar 4 ga Yunin 1928 mata 25 suka zauna a Washington suka kafa American Gold Star Mothers, wato ƙungiyar iyaye mata masu tauraron zinare, aka yi mata rajista a watan Janairun 1929. Ba su ne kaɗai ba. Tun farkon shekarun 1920 akwai ƙananan ƙungiyoyi masu irin wannan suna a garuruwa da dama, wasu ma suna hamayya da juna. Ta Washington ta yi gaba ne saboda tana zaune a bakin ƙofar Majalisa, kuma ta buɗe rassa a jihohi. Suka zaɓi fararen kaya a matsayin tufafin taro, farar riga da farar hula da fararen takalma, kishiyar baƙin da aka so a raba su da shi tun farko.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa uwaye, ba matan aure ba? Amsar tana cikin shekarun mamatan. Yawancinsu samari ne da ba su yi aure ba, sunan uwa suka rubuta a takardar magaji. Abin ya sa ni tunanin yadda muke a nan. Matar mamaci tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san matsayinta, ana zuwa gaishe ta. Uwa kuwa, da an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sai a bar ta da "sai haƙuri". In ɗan fari ne ma, alkunya ta hana ta kiran sunansa tun yana raye, balle ta tsaya gaban jama'a ta ambace shi. Waɗannan matan na Washington akasin haka suka zaɓa. Kiran sunan ɗa a bainar jama'a, shekara bayan shekara, shi ne rabin aikinsu.

Gawa a can, uwa a nan

Amurka ta yi asarar sojoji kimanin 116,500 a wannan yaƙi. Waɗanda makami ya kashe ba su kai rabi ba, wajen 53,000 ne. Sauran yawanci cuta ce, musamman muguwar murar da ta ratsa duniya a 1918. Bayan an tsagaita wuta gwamnati ta aika wa iyalan waɗanda aka binne a Turai takarda, ta ba su zaɓi: a tono gawa a kawo gida da kuɗin gwamnati, ko a bar ta a can a maƙabartar soja. Muhawara ta yi zafi. Tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda aka harbo jirgin ɗansa Quentin a Yulin 1918, ya ce a bar nasa inda ya faɗi, kuma maganarsa ta ja mutane da yawa. Duk da haka mafi yawan iyalai gida suka zaɓa. An dawo da gawarwaki sama da 45,000, aka bar kimanin 30,000 a maƙabartu takwas, shida a Faransa, ɗaya a Beljiyam, ɗaya a Ingila. Mafi girmansu, ta Meuse-Argonne, tana da kaburbura sama da 14,000.

Uwar da ta ce a bar ɗanta a Faransa ta yi wa gwamnati alfarma, don ta rage mata kuɗi da wahala, ta kuma bar mata fararen duwatsun da za ta nuna wa Turai a matsayin shaidar jinin da ta zubar. To amma matar manomi a Nebraska ko mai wankau a Alabama ina za ta ga kuɗin jirgin ruwa zuwa Faransa? Masu hali sun je da kuɗinsu tun farkon shekarun 1920. Talakawa sai hoton kabari, in ma an aiko. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin uwaye suka tasa Majalisa gaba kusan shekara goma, suna zuwa zaman sauraron ra'ayi, suna rubuta wa wakilansu wasiƙu, har aka zartar da doka a farkon Maris na 1929, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu ana saura kwana biyu ya sauka. Dokar ta ce gwamnati za ta kai uwaye, da matan mamatan da ba su sake aure ba, ziyarar kaburbura. Ba a sa iyaye maza a ciki ba. An kuma faɗaɗa ma'anar uwa ta haɗa da matar uba da mariƙiyar da ta raini yaron, daga baya aka ƙara da waɗanda ba a ga gawar 'ya'yansu ba ko aka binne su a teku.

An ware sama da dala miliyan 5, aka damƙa aikin ga sashen soja mai kula da kaya da sufuri. Suka tsara shi kamar yadda suke tsara jigilar bataliya. Uwargidan shugaban ƙasa, Lou Hoover, ita ta zaro ƙuri'ar jerin jihohi, Nebraska ta fito ta farko. Ranar 7 ga Mayun 1930 ayarin farko, mata sama da 200, ya tashi a jirgin ruwa mai suna America. Tun daga ƙofar gidanta har ta dawo, mace ba ta kashe ko sisi: tikitin jirgin ƙasa zuwa New York, otal, abinci, har ɗan abin da ake ba masu ɗaukar kaya. Akwai hafsoshi masu rakiya, da likitoci da nas-nas, domin akasarin matan sun haura sittin, da yawa ba su taɓa fita daga gundumarsu ba, wasu kuma baƙin haure ne da ko Ingilishi bai zauna a bakinsu ba.

Jirgi yakan tsaya a Cherbourg, a ɗauke su a jirgin ƙasa zuwa Paris. Can za su ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba, a ƙarƙashin Arc de Triomphe, a yi musu liyafar shayi da manyan baƙi. Sai a rarraba su a motoci, kowace zuwa maƙabartar da nata yake. Jami'i zai raka uwa har gaban dutsen, ya miƙa mata furanni, a ɗauke ta hoto, sannan a ja da baya a bar ta. An yi hankali wajen hana dogayen jawabai a maƙabarta. Kusan mako biyu suke yi a Turai. Zuwa watan Agustan 1933 da aka rufe shirin, mata sama da 6,600 sun je sun dawo.

A tuna fa wane lokaci ne wannan. Kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, bankuna suna durƙushewa, miliyoyi ba aikin yi. A Yulin 1932 dubban tsofaffin sojojin wannan yaƙin da suka yi sansani a Washington suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari, soja aka turo musu ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur, aka kore su da hayaƙi mai sa hawaye, aka ƙone bukkokinsu. A daidai wannan bazarar jiragen uwaye suna ta kai da kawowa a teku. Gwamnati ta fi samun sauƙin karrama sojan da ya mutu a kan biyan wanda ya dawo da rai yana magana.

Jirgi biyu, maƙabarta ɗaya

Baƙaƙen fata kusan 380,000 ne suka yi aikin soja a yaƙin, wajen 200,000 aka tura Turai. Rundunar a rarrabe take. Kaɗan ne aka bari suka riƙe bindiga, irin su runduna ta 369 ta Harlem, wadda sai da aka ba Faransawa aronta sannan ta samu shiga fagen daga. Mafi yawa aikin ƙarfi aka ba su: sauke kaya a tashar jiragen ruwa, gyaran hanya, haƙa rami. Da yaƙi ya ƙare, su ɗin dai aka sa aikin da ba wanda yake so, wato bin dazuzzuka da ramuka ana tono gawarwakin da suka ruɓe ana kai su sababbin maƙabartu. Kaburburan da uwaye farare suka je suka durƙusa a gabansu, da yawansu hannun baƙaƙe ne ya haƙa su.

Da lokacin ziyara ya zo, Ma'aikatar Yaƙi ta sanar cewa uwaye baƙaƙe za su yi tafiyarsu daban. Farare a manyan jiragen fasinja da manyan otal-otal na tsakiyar New York. Baƙaƙe a masaukai na unguwar Harlem, irin su gidan ƙungiyar YWCA, sannan a ƙananan jirage masu haɗa kaya da fasinja. Hujjar ma'aikatar ita ce wai hakan zai fi wa kowa kwanciyar hankali, kuma kamfanonin jirage da otal ba za su yarda a cakuɗa ba. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙaƙe ta tashi tsaye, jaridun baƙaƙe irin su Chicago Defender suka ɗauki maganar. Mata 55 suka sa hannu a takardar koke zuwa ga Shugaba Herbert Hoover, suka ce 'ya'yansu ba su mutu don a wulaƙanta iyayensu ba, in dai sai an ware su, sun haƙura da tafiyar. Hoover ya tura takardar zuwa Ma'aikatar Yaƙi, ita kuma ba ta canja komai ba.

Nan fa aka bar kowace uwa da zaɓi mai ɗaci. Ta ƙi zuwa ta kare mutuncinta, ta mutu ba ta ga kabarin ɗanta ba, ko ta shanye wulaƙanci ta je. Wasu sun ƙi har ƙarshe. Wasu, har da cikin waɗanda suka sa hannu a koken, daga baya sun je, kuma ban ga bakin da zai zarge su ba. Ayarin farko ya tashi a Yulin 1930 a jirgin American Merchant, kuma jimillar waɗanda suka je cikin shekara huɗu ba ta kai 300 ba. Hafsan da aka ɗora wa rakiyarsu shi ne Kanar Benjamin O. Davis, wanda a 1940 ya zama baƙar fata na farko da ya kai janar a sojan Amurka. A Paris baƙaƙen Amurka mazauna birnin, da makaɗa irin su Noble Sissle, suka fito tarbarsu da kiɗa, suka ci abinci a wuraren da a ƙasarsu ko ƙofa ba za a bari su taka ba. A zaɓen 1932 'yan adawa sun yi ta tuna wa baƙaƙe wannan magana, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fara raba su da jam'iyyar Republican da suka daɗe suna bi.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan karon karin maganar ba ta ci ba, don tarihi bai nuna ƙungiyoyin uwaye farare sun ajiye tikitinsu saboda 'yan'uwansu ba.

Sababbin yaƙe-yaƙe, sababbin mambobi

A 1936 Majalisa ta ware Lahadin ƙarshe ta watan Satumba a matsayin ranar iyaye mata masu tauraron zinare, kuma har yau shugaban ƙasa yana fitar da sanarwa a kanta kowace shekara. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun ɗauka da su za ta ƙare, tun da an ce musu yaƙin da ya ci 'ya'yansu shi ne na ƙarshe. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu ya ci Amurkawa sama da 400,000. Yaron kamfanin tangaraho a kan keke ya zama abin tsoro a unguwa, don shi ke kawo saƙon mutuwa. A garin Waterloo na jihar Iowa, Alleta Sullivan ta rasa 'ya'ya biyar a jirgin ruwa ɗaya, Juneau, da Japanawa suka nutsar a Nuwamban 1942 kusa da Guadalcanal. Rundunar ruwa ta ɗauke ta da mijinta tana zagayawa da su masana'antu suna ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa, aka kuma sa wa wani sabon jirgin yaƙi sunan 'ya'yan. Ƙungiya ta buɗe ƙofa ga uwayen wannan yaƙi, sannan na Koriya, sannan na Biyetnam. A 1947, shekarar da Grace Seibold ta rasu, Majalisa ta amince da ƙaramin maɓalli mai tauraron zinare a kan launin shunayya da ake ba iyalan mamaci. A Long Beach ta jihar Kalifoniya uwayen suka samar da rukunin gidaje domin tsofaffin da suka rasa ɗan da zai riƙe su. A 1984 Majalisa ta ba ƙungiyar takardar amincewa ta tarayya.

Aikin reshe a gari ba shi da wani ƙyalƙyali. Taron wata-wata a zauren tsofaffin sojoji ko ɗakin majami'a, karanta bayanin taron baya, ɗan kuɗin shekara. Zuwa asibitin tsofaffin sojoji a tura keken marasa lafiya, a zauna da wanda ba shi da mai ziyara. Haɗa kwalayen safa da sabulu da alewa a aika wa waɗanda ke bakin aiki a ƙetare. Tara kuɗin kafa dutsen tunawa a dandalin gari. Idan kuma aka ji motar soja ta tsaya a ƙofar wani gida, hafsoshi biyu sun fito cikin kayan sarki, bayan an yi jana'iza jama'a sun watse, wata mai fararen kaya za ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa, don ita ta san abin da wata na uku da na shida ke zuwa da shi.

Kundin ƙungiyar ya ce ba ruwanta da siyasa. A ganina wannan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma inda take da rauni. Shi ya sa uwar da ke goyon bayan yaƙi da wadda ke tsine masa za su iya zama a tebur ɗaya. Amma shirun da ake yi a gaban mai aika yara yaƙi, shi yake amfana da shi. Hukuma tana son uwa a kan dandamali ranar biki, ta karɓi tutar da aka naɗe, ta zauna. Daga 1991 zuwa 2009 ma an hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawa da ake saukewa a sansanin Dover, tunani iri ɗaya da na 1918. Uwar da ta buɗe baki kuwa takan ga wata fuskar. A Afrilun 1971 wasu uwaye da suka rasa 'ya'ya a Biyetnam suka shiga gaban jerin gwanon tsofaffin sojoji masu adawa da yaƙin zuwa maƙabartar Arlington don ajiye furanni, suka tarar an kulle musu ƙofa. A Agustan 2005 Cindy Sheehan, wadda aka kashe ɗanta Casey a unguwar Sadr ta Bagadaza a Afrilun 2004, ta kafa tanti a bakin hanyar gonar Shugaba George W. Bush a Crawford ta jihar Texas, ta ce sai ya fito ya gaya mata dalilin mutuwar ɗanta. Bai fito ba. Ƙungiyar uwayen ta yi maza ta sanar cewa ba ta da alaƙa da ita.

Wace ce uwa?

A wannan shekarar ta 2005 tsohuwar tambayar ta dawo ta wata ƙofa. Ligaya Lagman 'yar asalin Filifin ce, ta shafe sama da shekara 20 tana zaune a jihar New York da izinin zama, tana biyan haraji. An kashe ɗanta, Saje Anthony Lagman, a Afghanistan a 2004. Da aka nema mata shiga ƙungiyar sai shugabannin suka ce a'a, domin kundinsu tun na farko ya ce sai 'yar ƙasa. Ɗan ya isa ya mutu wa Amurka, uwar ba ta isa ta sa farar hula ba. Tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca, wasu mambobin ma suka ce ba da yawunsu ba. A babban taron watan Yuni aka soke sharaɗin. Lagman ta riga ta janye takardarta. Wadda ta fara shiga ta sabuwar ƙofar ita ce Carmen Palmer, haifaffiyar Jamaika, wadda ɗanta ya mutu a Iraƙi a 2003. Gyaran da bai samu ba a 1930 ya samu cikin 'yan makonni a 2005, wannan kam ci gaba ne, ko da yake sai da aka kunyata su a jarida.

A 2016 kuma sai ga Ghazala Khan, Musulma 'yar asalin Pakistan, tsaye kusa da mijinta Khizr a babban taron jam'iyyar Democrat. Ɗansu, Kyaftin Humayun Khan, ya mutu a Yunin 2004 kusa da Baquba a Iraƙi, lokacin da ya ce wa yaransa su ja baya shi ya tunkari wata mota da ta tarwatse da shi. Kabarinsa yana Arlington da alamar jinjirin wata. Mijin ya yi jawabi, ita ba ta ce uffan ba. Donald Trump, ɗan takara a lokacin, ya yi shaguɓen cewa wataƙila ba a ba ta izinin magana ba ne. Ta mayar masa da amsa a jaridar Washington Post cewa ba ta iya tsayawa gaban hoton ɗanta ta yi magana, ko ɗakin da hotonsa yake ba ta iya shiga. Manyan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan jam'iyyarsa da dama sun yi tir da kalamansa.

Yau ƙungiyar ta ragu ƙwarai, mambobinta ba su wuce dubu ɗaya da wani abu ba. Tun 1973 aka daina ɗaukar soja dole a Amurka, don haka rashin ya taru a kan wasu 'yan iyalai da garuruwa, sauran jama'a kuwa da yawa ba su ma san ma'anar maɓallin ba in sun gan shi a ƙirjin wata. Yaƙin Iraƙi ya ci sojojin Amurka sama da 4,400, na Afghanistan sama da 2,400, kuma wasu sababbin taurarin daga kusa da mu aka ɗinka su. Ranar 4 ga Oktoban 2017 mayaƙa masu biyayya ga ƙungiyar IS suka yi wa ayarin sojojin Nijar da na Amurka kwanton ɓauna a Tongo Tongo, a jihar Tillabéri kusa da iyakar Mali. Amurkawa huɗu suka mutu: Bryan Black, Jeremiah Johnson, Dustin Wright da La David Johnson, wanda sai bayan kwana biyu aka ga gawarsa. La David maraya ne, tun yana ƙarami uwarsa ta rasu, 'yar'uwa ce ta riƙe shi, kuma ita da matarsa Myeshia suna cikin mota ɗaya lokacin da Shugaba Trump ya kira ta'aziyyar da ta rikiɗe ta zama rigimar siyasa ta makonni. Majalisa ta kira janar-janar, ma'aikatar tsaro ta yi bincike mai dubban shafuka, iyalan suka ce ba su gamsu ba, suka ci gaba da matsa lamba shekara da shekaru. Sanatoci da dama a lokacin ne suka ce sun fara jin cewa ƙasarsu tana da sojoji kusan 800 a Nijar, sojojin da suka kwashe kayansu suka bar ƙasar a 2024.

Sojojin Nijar aƙalla huɗu ne suka kwanta dama a wannan kwanton ɓaunar, a kan ƙasarsu, a gefen waɗancan. Yawancin rahotannin da suka zagaya duniya adadinsu kawai suka kawo.